Shanyar da Na Yi a Challawa

Ku yaran yanzu da kuke buɗe cikin waya a kan tebur kuna hira kuna cin gyaɗa, in na ce muku na yi shekara biyar ina haɗa abin wasan yara a Bompai sai ku kalli juna. Wani a cikinku ya taɓa ce min, "Iya, ai wannan ko ido a rufe an haɗa shi, kusa huɗu ce da gilashi." Kusa shida ce. Kuma mata talatin aka gwada kafin a ɗauki goma sha biyu. Ku zauna in gaya muku yadda aikin yake da yadda ya ƙare, don a hannuna ya ƙare.

Abin bai wuce tafin hannun namiji ba, kaurinsa kamar sabulun wanka da ya yi rabi. Jikinsa roba ce ruwan madara, fuskarsa an lulluɓe ta da farantin ƙarfe siriri. A tsakiya akwai gilashi, ya ɗan fi akwatin ashana. Ba ya kawo haske, sai ka juya shi wajen taga kake gani. An zana gona a bayan gilashin da kore da ruwan ƙasa, wannan zanen ba ya motsi. Masu motsi baƙaƙe ne: wani mutum riƙe da sanda, da tsuntsaye masu saukowa kan hatsi. Jan maɓalli ɗaya a hagu, ɗaya a dama, da su kake kai mutumin inda tsuntsu zai sauka. Tsuntsu uku suka ci maka hatsi, wasa ya ƙare. A sama akwai ƙananan maɓallai uku: na wasa mai sauƙi, na mai wuya, da na agogo. Batir biyu yake ci, kowanne kamar maɓallin riga, kuma ba shi da wurin kashewa. In ba ka wasa sai ya koma nuna lokaci, ka buɗe 'yar ƙafar wayar da ke bayansa ka jingine shi, ya tashe ka da asuba. Sunan da ke jikin kwalinsa ban taɓa karantawa ba, ban shiga aji ba ko na yini ɗaya. Mu "mai gona" muke ce masa.

Abin da masu saye ba su sani ba shi ne mai gona ba ya tafiya. Su huɗu ne a cikin gilashin, kowanne a tsaye a wurinsa tun daga ƙasar da aka yi shi. Haka tsuntsayen, kowane wurin da za ka ga tsuntsu to nasa ne daban. Ana kunna wannan a kashe wancan, idonka ya ce tafiya ce. Kowane hannu, kowane fiffike, yana da hanyarsa ta wuta da ta zo ta ƙare a bakin gilashin. A ƙarƙashi akwai koren allo mai ɗauke da ƙwaƙwalwar abin, wani baƙin ɗigo kamar an ɗiga kwalta. A bakin allon akwai layin ƙarfe fari sirara a jere, muna ce musu haƙora. Haƙori ɗaya ya ƙi aiki, mai gona ya fito ba hannu.

Naɗin alewa na fara a Sharaɗa, shekarar da maigidana ya rasu ya bar min 'ya'ya uku. Na yi shekara shida ina murɗa takarda har yatsuna suka daina jin zafi. Sai aka ce wani kamfanin roba a Bompai zai buɗe ɗaki na haɗa kayan batir, mata ake so masu sanyin hannu. Ranar gwaji aka ajiye wa kowace faranti biyu, ɗaya da riɗi, ɗaya babu komai, aka ba mu hantsaki. Ki kwashe riɗin ɗaya bayan ɗaya, kar ki fasa ko guda, kar ki yar. Wata ta gaji ta lashi yatsa ta dangwala, aka nuna mata ƙofa. Kusa da ni wata 'yar Gumel ce, Asabe, tana yi tana magana da riɗin, "Zo nan ɗan banza, uwarka ta tafi can." Ni da ita muka fara gamawa.

Wanda ya koya mana aikin ɗan ƙasar Sin ne, ya zo tare da kayan farko. Ba ya jin Hausa, muka sa masa Malam Shiru. In kin yi kuskure ba ya faɗa, sai ya buga hantsaki a benci sau biyu ya tsaya a kanki har ki gano da kanki. In zai yi bayani, foman ɗinmu Malam Iro ne tafinta. Malam Shiru zai yi ta magana da Turancinsa yana nuna wannan yana nuna wancan, ya daɗe, sai Malam Iro ya juyo ya ce, "Ya ce kar ku yi haka."

Asabe ta ce, "Malam Iro, duk wannan surutun kar ku yi haka ne kawai?"

Ya ce, "Sauran na injiniyoyi ne. Ke riƙe naki."

Haka muka koyi aikin nan. Kar a shafa mai a hannu kafin a zo. Kar a ci ƙuli-ƙuli a hutun rana. Wadda ta sa lalle ta yi kwana uku a wajen naɗe kwali. Kar a hura gilashi da baki, akwai 'yar robar hura iska. Kar a buɗe ledar allo sai safiyar da za a haɗa shi. Duk mun haddace, ba wadda ta san dalilin ko ɗaya. Wata takwas ya yi ya koma ƙasarsu, aka ce ni ce shugabar benci. Tun daga ranar nake tsayawa a bakin ƙofa da safe, kowace ta miƙo hannu in duba. Na mayar da mata gida saboda man kaɗanya, ban ji kunyar kowa ba.

Sa taliya shi ne aikin da ya fi korar mata daga bencin. Abin da muke ce wa taliya wata roba ce siririya mai ratsin baƙi da fari, tsawonta kamar ɗan yatsa, ita take kwanciya tsakanin bakin gilashi da haƙoran allo ta kai wuta. Ba dalma, ba gam, matsi ne kawai yake riƙe ta. Ki ɗauke ta da hantsaki ta gefe, ki tsayar da ita a raminta a tsaye, ki ɗora allo a kai ba tare da ta kwanta ba. Sannan kusoshi shida, ba a jere ake ɗaure su ba. Ki fara da ta tsakiya, ki tsallaka kusurwa, ki dawo kusurwar da ke fuskantarta, kowacce rabin juyi, sai ki sake zagayowa. Kin matse gefe ɗaya da yawa, gilashi ya tsage daga ciki, baƙin ruwa ya bazu kamar tawada. Kin bar shi sakwa-sakwa, yau ya yi aiki, bayan sati biyu a aljihun yaro tsuntsaye su fara ɓacewa. Asabe ce gwanar wannan. Tana ji a wuyan hannunta inda kusa ta isa.

Dalma wuri huɗu kawai ake sa wa: waya biyu na batir, waya biyu na abin ƙara. Abin ƙarar wani faranti ne na tagulla kamar kwabo amma ya fi takarda kauri kaɗan, shi yake yin tsit-tsit ɗin nan. In ƙarfen dalma ya daɗe a kansa fiye da numfashi ɗaya, farin da ke fuskarsa ya ɗaye, ya zama bebe.

Gwaji nawa ne, ba na ba kowa. Akwai wani rami a bayan abin kamar na allura. In kin sa batir kin soka allura a ciki, duk abin da ke cikin gilashin zai fito lokaci guda: mai gona huɗu, tsuntsaye duka, lambobin agogo a cike. Lambobin ban san sunayensu ba a lokacin, amma na san surarsu kamar yadda na san fuskokin 'ya'yana. Kallo ɗaya nake yi in ce wa wadda ta haɗa shi, "Ladi, na uku ba shi da sanda, kwance." Sai in danna jan maɓalli sau goma hagu sau goma dama in saurara. A shekara huɗu, abin da ya dawo mana daga kasuwa bai cika kwali ɗaya ba.

Masu saye iri-iri ne. 'Ya'yan ma'aikatan Nassarawa, waɗanda direba ke kawowa har bakin kamfani. 'Yan kasuwar Sabon Gari. Fataken da ke haurawa Maraɗi da Damagaram. Akwai direbobin manyan motoci da ba ruwansu da tsuntsaye, agogon suke so. Babban mai ɗibar kayanmu wani dattijo ne da muke kira Alhaji Ƙarami, yana zuwa da kansa, ya zauna a kan kwali ya ce zai gwada ɗaya, sai a kira la'asar yana nan yana dannawa yana zagin tsuntsaye.

Sai shekarar nan ta zo da kaya suka daina shigowa. Kun ji labarinta a bakin iyayenku, lokacin layin madara da sabulu. Lasin shigo da kaya ya gagara. A Bompai kana tafiya kana ganin ƙofofi da kwaɗo, jiniyar da ka saba ji da safe ka wayi gari ba ta. Mu muka yi sa'a kaya ɗaya suka fito daga tashar jirgin ruwa, wanda zai ishe mu aikin wata bakwai. Manaja ya tara mu a tsaye ya ce, "Wannan ne na ƙarshe. In ya fita lafiya ya shiga kasuwa, mai kamfani zai nemo hanyar kawo wani. In ba haka ba, ɗakin nan sito zai koma." Mu goma sha biyu, tara ba su da miji ko mijin ba ya aiki. Asabe 'ya'ya biyar gare ta, mijinta injin saƙa ya cinye masa yatsu.

Damina ta sauka, rufin sitonmu ya fara yoyo, ba kwanon gyara. Aka kama haya wani sito a Challawa aka kwashe kwalayen can. Duk Asabar ni ake sawa a a-kori-kura in je in ɗebo na sati, don an san ba zan bari a jefa kwali ba.

Zuwana na biyu ana cikin marka. Maigadin wurin, Baba Tanko, ɗan asalin ƙauyen ne, ya buɗe min ƙofa, wani wari ya buge ni. Wari biyu ne. Na waje na kamfanonin jima ne da kwatarsu ke bi ta bayan katanga, kamar baragurbi, wannan kowa a Challawa ya saba da shi. Na ciki na danshi ne. Na taɓa kwalin ƙasa na ji ya yi laushi. Na buɗe, ga allunan kowanne goma a leda mai ruwan azurfa, an liƙe bakinta, jikin ledar duk raɓa.

Ku gaya min, wace mace ce a ƙasar nan za ta ga haka ta bari? Tun ina yarinya na san kayan da aka rufe a adaka da damina sai an fito da su sun sha iska, in ba haka ba fumfuna ta ci su. Hatsi haka, daddawa haka, fatar salla haka. Abu a leda kuwa ya fi komai gumi. Na tuna an ce kar a buɗe sai safiyar aiki. Na ce a raina wannan don ƙura ce da hannun mutane, ni kuwa da safar yatsa zan yi, kuma da Malam Shiru ya ga wannan danshin da kansa zai ce a buɗe.

Na ce, "Baba, kuna da tabarmi?"

Ya ce, "Akwai na masallaci guda huɗu, sai na ɗakina."

Na sallami direba da kayan sati, na ce ya gaya wa Malam Iro ina gyaran sito. Kwana uku ina zuwa. Na sa reza na tsaga bakin kowace leda, ban bar ko ɗaya ba. Na shimfiɗa allunan a kan tabarmi a inuwa, haƙora sama, na buɗe ƙofar gaba da ta baya don iska ta ratsa. A cikin kowace leda akwai ɗan ƙunshi mai farar tsakuwa, na ɗauka maganin kwari ne, na tara su gefe guda. Da yamma in juya su. Rana ta uku na mayar da su goma-goma, na naɗe bakin ledojin sama-sama don su ci gaba da numfashi, na ɗora kwalayen a kan katako. Baba Tanko ya ce, "Baiwar Allah, da kowa yana riƙe kayan mutane haka da ƙasar nan ba ta lalace ba."

Sati biyu aiki ya tafi daidai. A na uku na soka allura na ga fiffike ɗaya babu. Na mayar wa Asabe. Ta kwance ta sake ɗaurewa, ya fito. A na huɗu, cikin goma uku suna dawowa. Na tsananta a bakin ƙofa. Na ce wata tana cin abu mai maiƙo a ɓoye, na sa aka zazzage jakunkuna. Na ce Asabe hannunta ya fara rawa. Ta ajiye sukudireba ta ce, "Yaya Dije, shekara biyar. Duba haƙoran nan da kanki, ni ban san su da wannan launin ba."

Na kai allon taga. Haƙoran da na sani farare sun koma ruwan ƙasa, wasu da baƙi-baƙi a gefe.

Asabar ɗin na tafi Challawa na buɗe kwalin farko, na buɗe na tsakiya, na buɗe na can ƙurya. Duk haka, wasu ma sun fi. Baba Tanko ya leƙo ya ga abin da nake kallo. Ya ce, "Af, wannan farin azurfa ce?"

Na ce, "Ban sani ba, Baba. Me kuka gani?"

Ya ce, "In azurfa ce ai nan ba ta zama. Tun da masu jima suka zo. Awarwaron iyalina sati biyu ya yi baƙi kamar gindin tukunya, sai a kwalba take rufe shi. Iskar ce. Ba ki ga zobenki ba?"

Na duba zoben da ke hannuna, ya yi baƙi. Na ɗauka tsufa ne.

Ran Litinin Alhaji Ƙarami ya zo da kwali biyu a bayan mota, bai zauna ba. Ya ɗauko ɗaya ya miƙa wa Malam Iro. "Malam, wannan mai gonar kuturu ne. Wannan kuma tsuntsayensa sun yi hijira. Wannan ka danna hagu ya tsaya yana kallonka. Ni mutanen Damagaram sun daina amsa min sallama." Ba wanda ya yi dariya sai direbansa.

Muka gwada abin da muka sani. Robar goge fensir tana ɗauke na sama-sama, amma baƙin ya shiga har ƙarƙashin jajayen maɓallai da ƙananan ramukan allo inda hannu ba ya kai. Sai Ladi ta ce ai azurfa da toka da lemon tsami ake wanke ta. Ni na yarda, ni na aika a sayo lemon. Muka goge ɗari, suka yi fari tas, na soka allura komai ya fito, har Asabe ta yi guɗa. Kwana tara aka yi. Muka buɗe ɗaya muka tarar haƙoran sun yi kore, wasu sun cinye sun rabu da allon.

Manaja ya ce masu aiko da kayan ne suka cuce mu da tsohon kaya, zai rubuta musu takarda. Malam Iro ya san ledojin a tsage suke zuwa. Ya same ni a bakin famfo ya ce a hankali, "Dije, ki bar shi a kan mutanen waje. Su ba za su ji ba, kuma faɗar gaskiya ba za ta dawo da komai ba."

Na ce, "Malam Iro, me Malam Shiru ya ce game da ledar nan? Ba guntun ba, dukansa."

Ya daɗe yana wanke hannu. Ya ce, "Ya ce iska ce ke cin su. Ya ce tsakuwar nan ita ke shanye danshin ciki."

Na ce, "To."

Na shiga ofishin manaja ban jira an kira ni ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, kar a rubuta takarda. Ni na buɗe su na shanya su." Na gaya masa kwana nawa, da tabarma nawa. Ya cire tabarau ya ajiye, ya tambaye ni don me. Na gaya masa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce in je.

Ranar Juma'a kafin a tafi masallaci aka ce ɗakin ya rufe. Matan suna cire safar yatsa suna ajiyewa, na ce su tsaya. Na faɗa musu abin da na faɗa wa manaja, kalma ɗaya ban rage ba, har da zazzage jakunkunan da na sa aka yi ina neman mai laifi. Ladi ta ce, "Allah ya riga ya rubuta, Yaya." Wasu suka amsa. Asabe ta ɗaure mayafinta, ta jera hantsaki da sukudireba a wurinsu, ta fita.

Ni aka riƙe, wannan ne abin da har yau ban gane ba. Manaja ya ce ba shi da wanda zai gaya masa gaskiya a ɗakin niƙa roba. Aikina na farko can shi ne kwance abin da muka haɗa: gilashi gefe, allo a buhu, jikin robar a zuba a injin ya niƙe a yi bokiti da shi. Sati uku ina yi. Kusa shida, kusa shida.

Wata biyu bayan nan na fito hutun rana na ga Asabe a bakin ƙofar kamfanin, a layin masu abinci, da bokitin kunu a gabanta da ludayi. Ma'aikata sun yi layi. Na tsaya a baya, layin yana matsawa har na zo gabanta. Na ce, "Asabe, ina wuni. Ya yara?"

Ta ce, "Lafiya. Kawo kofinki."

Na miƙa. Ta zuba min ludayi biyu kamar yadda take zuba wa kowa, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Ta leƙa bayana ta ce, "Malam, matso."